Shekara 11 tana wa yayanta addu'a, saƙo ɗaya a gurup ya kusa raba su

Kafin in fara bari in faɗi wani abu, dan kar wani ya ce to ke ma ai ga shi kin kwaso sirrin mutane kin baza. Mutum biyun da abin nan ya shafa duk sun karanta rubutun kafin in sake shi, matar shi ma ta gani, akwai wuri biyu da suka ce in cire kuma na cire. Ba zan kira sunan kowa ba. Ita zan dinga ce mata Ƙanwa, shi kuma Yaya, dama haka suke kiran junansu.

Ni nake riƙe da wani ɗan ƙaramin taron addu'a, muna haɗuwa ran Laraba da yamma, muna kuma da gurup a WhatsApp, a lokacin mu 23 ne a ciki kuma ni ce admin. Ku riƙe wannan dan zan dawo kanshi, ina da nawa kason laifin.

Mamansu Kirista ce, babansu Musulmi. Auren bai yi ƙarko ba, sun rabu Yaya yana shekara 10 ita tana 4, shi ya zauna wurin Baba ita kuma Mama ta tafi da ita. To kowa ya tashi a addinin gidan da ya girma. Na faɗi wannan ne dan mutanen coci da sun ji labarin sai su ɗauka wai shi ne ya ja da baya. A'a, bai taɓa zama Kirista ba balle ya bari. Mutum ne mai riƙon addininshi tun yana yaro, ba ya wasa da salla, ba ruwanshi da hayaniya, kuma bayan Baba ya rasu shi ya ɗauki karatun Ƙanwa gaba ɗaya har ta gama jami'a, bai taɓa ce mata sai kin bar coci zan biya ba, ko da wasa. Har littafin waƙoƙin sujada ya taɓa sayo mata da ta ce nata ya yage.

An yi mata baftisma tana shekara 19, daga ranar ta fara yi mishi addu'ar ceto. Tana da littattafan addu'a irin na rubutun 'yan makaranta, ta cika guda uku, na gansu da idona. Duk farkon wata sai ta buɗe sabon shafi ta jera sunaye, wanda Allah ya amsa sai ta ja mishi layi da jan biro, mai neman aiki, mai neman haihuwa, mai jarabawa, duk za ka ga jan layi nan da can. Sunan Yaya ne a sama a kowane shafi, shekara 11, ba jan layi ko ɗaya.

A hankali addu'ar ta fara fitowa daga ɗaki. Kullum da safe sai ta tura mishi aya, wani lokaci bidiyon wa'azi, wani lokaci shaidar wani da ya bar addininshi ya bi Yesu. Shi kuma amsarshi ɗaya ce, na gode Ƙanwa, ya Mama da jiki. Ita tana ɗaukar wannan a matsayin ƙofa ta fara buɗuwa, ashe shi kawaici yake mata irin na babba da ƙarami.

Sai matar Yaya ta yi ɓari, cikin wata 7, namiji, bayan shekara 5 suna nema. Cikin daren ya kira Ƙanwa daga asibiti wajen ƙarfe 2, tun da take ba ta taɓa jin shi yana kuka ba sai ranar. Ya gaya mata abubuwan da bai gaya wa kowa ba, abin da likita ya ce game da mahaifar matar, bashin da ya ci saboda magani, da cewa yana jin tsoron komawa gida ya ga kayan jaririn da suka saya. Ta yi kuka tare da shi, wannan kam ba ƙarya, tana sonshi sosai. Da gari ya waye sai ta shigo gurup ɗinmu ta saka hotonshi da cikakken sunanshi, ta rubuta duk abin da ya faru har da maganar mahaifa da bashi, a ƙarshe ta ce mu yi addu'a Ubangiji ya yi amfani da wannan ya karya shi, ya fito da shi daga duhu, wannan ne lokacin da take jira.

Ni ce mutum ta biyu da ta rubuta Amin. Har da alamar wuta guda uku na saka. Ban ga komi a ciki ba a lokacin, irin yaren da muka saba ne.

Wata a cikinmu, da kyakkyawar niyya ita ma, ta tura saƙon wani babban gurup na masu addu'ar dare da ke da mutane sama da 200, a can akwai wata da suke aiki wuri ɗaya da matar Yaya, ta gane hoton, ta ɗauki hoton saƙon ta tura wa wata, kafin kwana 4 ya isa wayar matar tana kwance ko jinin bai gama tsaya mata ba. Magana zarar bunu ce, ta waya kuma ta fi, dan ita har hoto take bari.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya kira ta ya ce, Ƙanwa, ashe ɗana da ya mutu dama ce a wurinki? Ta fara bayani ya ce a'a ba sai kin ce komi ba, na karanta. Ya kashe wayar. Bai yi bulokin ɗinta ba, kuɗin maganin Mama ma bai fasa turowa ba, amma wata 7 bai ɗauki wayarta ba kuma bai amsa saƙo ko ɗaya ba.

Da ta zo taro Larabar da ta biyo baya, abin da ta ce mana shi ne tsanani ya fara. Ta kawo Matiyu 10 inda Yesu ya ce maƙiyan mutum za su zama mutanen gidanshi, wasu suka fara gyaɗa kai, ni ma na kusa. Sai wata dattijuwa da muke ce wa Mama Babba, wadda ba ta cika magana ba kuma ko WhatsApp ba ta yi sai dai jikarta ta karanta mata, ta ce 'yata buɗe min Bitrus na fari sura 4 aya 15. Ƙanwa ta karanta. Wurin da Bitrus yake cewa kar wani a cikinku ya sha wuya dan ya yi kisa ko sata ko mugunta, ko dan shisshigi a al'amuran mutane. Mama Babba ta ce, kin ga na ƙarshen nan? Ba saboda Yesu yayanki ya daina ɗaukar wayarki ba, shekara nawa kina bin Yesu yana ɗauka? Amana ya ba ki cikin dare kika kai ta kasuwa da safe.

Ɗakin ya yi tsit. Ƙanwa ta ɗauki jakarta ta fita, sati 3 ba mu ganta ba. Ni kuma na koma gida na buɗe gurup na ga Amin ɗina da wutata guda uku suna nan, laifi tudu ne, na goge amma ai wanda ya gani ya gani.

Da ta dawo ba taro ta zo ba, gidana ta zo da littattafan nan uku a leda, ta ce Anti ki duba ki gaya min inda na ɓata. Mun zauna sau uku a kan wannan, ni da ita da Mama Babba, kuma a nan ne na fahimci abin da nake ganin shi ne ainihin lamarin, ya fi maganar gurup girma.

Abu na farko da muka lura, a shekara 11 kusan jimla ɗaya ce a gaban sunanshi. Ka cece shi, ka buɗe idonshi, ka karya taurin zuciyarshi. Sauran mutane kowa da damuwarshi a rubuce dalla dalla, wance ciwon ƙafa, wane intabiyu ran Talata, amma Yaya da ya fi kowa kusa da ita ba ka ganin komi na rayuwarshi. Shekarar da ya yi aure babu. Shekarar da aka rage ma'aikata a wurin aikinshi akwai, amma abin da ta rubuta shi ne Allah ya fara girgiza shi. Mama Babba ta tambaye ta, shekara 5 ɗin nan da suke neman haihuwa, sau nawa kika roƙa musu ɗa? Ta yi ta buɗe shafi tana nema. Ba ta samu ba. Ta roƙa wa mata 4 a coci haihuwa, biyu ma ta ja musu jan layi.

Ba mugunta ba ce, kar wani ya fahimce ni a karkace. Abin da ya faru shi ne ta daina ganin mutum, sai abu ɗaya da take jira ya faru da shi, kaman manomin da ba ya ganin komi a gona sai ranar girbi. Kuma in ka kai nan, duk masifar da ta sami mutumin sai ta fara yi maka kama da amsar addu'a, wannan ne wurin da yake ba ni tsoro dan na sha jin irin shi a bakin mutanen kirki, ni ma na faɗa. Allah ka hana shi barci, Allah ka toshe mishi hanya sai ya juyo. Mun samo shi daga labarin ɗa mubazzari da yunwa ta koro gida, amma ku koma ku karanta Luka 15, uban bai roƙi yunwar ba, hanya yake kallo. Kuma a Luka 9 da wani ƙauyen Samariyawa suka ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yohanna suka ce bari su kira wuta daga sama, juyowa ya yi ya tsawata musu suka wuce wani ƙauyen. Bulus ma a Romawa 2 aya 4 alherin Allah ya ce yana jawo mutum ga tuba. Ban ce Allah ba ya amfani da wahala ba, yana yi, amma wannan hurumin shi ne, ba a ba ni in dinga yi wa ɗan'uwana odar ta ba.

Abu na biyu sai a zama na uku ya fito, shi ma da ƙyar. Baba ya rasu wata 5 bayan baftismarta. A lokacin wani mai wa'azi da ya zo taron matasa ya yi magana a kan mai tsaro a Ezekiyel 33, wanda in ya ga takobi na zuwa bai busa ƙaho ba za a nemi jinin mutane a hannunshi, bayan an tashi ta je ta same shi ta gaya mishi babanta ya rasu ba Kirista ba, sai ya tambaye ta, kin taɓa yi mishi bishara? Ta ce a'a. Ya ce to kar ki bari a maimaita da yayanki. Yarinya 'yar shekara 19 da ko makokin ubanta ba ta gama ba. Tun ranar take ɗauke da wannan, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama. Duk ayar safen nan da bidiyoyin nan ƙaho ne take busawa dan kar a nemi jini na biyu a hannunta. To mai addu'a da irin wannan tsoron ba ya iya jira, ba ya iya yin shiru, kuma ba ya iya sauraro, dan duk minti ɗaya da ya wuce gani yake ana rubuta mishi laifi.

Mun daɗe a nan. Mama Babba ba ta yi mata alkawarin komi game da Baba ba, ba ta ce yana nan ko yana can ba, ta dai kai ta Farawa 18 inda Ibrahim yake roƙo saboda Saduma ya ce ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi abin da yake daidai ba? Ta ce mata babanki yana hannun wanda ya fi ki adalci ya kuma fi ki jinƙai, ki sauke. Sai muka karanta Yohanna 6 aya 44, ba mai iya zuwa wurin Yesu sai Uba ya jawo shi, da Korintiyawa na fari sura 3, Bulus ya shuka Afolos ya yi banruwa amma Allah ne ya sa ya girma. Ayoyin da ta haddace tun tana makarantar Lahadi ne fa, amma ranar ta yi kuka kaman yau ta fara jinsu.

A nan aka samu saɓani a taronmu, kuma gara in faɗa dan ba kowa ne ya yarda da yadda muka bi da lamarin ba. Wani ɗan'uwa, mutum mai himma da nake girmamawa, ya ce muna sassauta bishara, wai mun mai da addu'ar ceto ta koma addu'ar lafiya da arziki, in mutum ya samu ɗa ya biya bashi ya rasa ranshi me aka yi? Tambayar tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ba wanda ya ce wa Ƙanwa ta daina roƙon Yaya ya san Yesu, ita Kirista ce, abin da ta gaskata kenan, in ta daina ma ta yi wa kanta ƙarya. Bulus a Romawa 10 aya 1 ya ce burin zuciyarshi da addu'arshi saboda mutanenshi shi ne su sami ceto, a sura 9 ma har cewa ya yi yana da baƙin ciki marar yankewa, da ma shi a raba shi da Almasihu saboda su. Ku lura da wannan, mutumin cewa yake wahalar ta faɗo kaina. Mu kuma mun juya ta muna cewa ta faɗa kansu. Ɗan'uwan nan bai gamsu ba, har yanzu yana ganin mun yi sanyi, muna dai zama taro ɗaya.

Sai maganar neman gafara. Ta rubuta saƙo mai tsawo ta nuna min, sakin layi na farko lafiya lau, na biyu ya fara da amma ka sani saboda ina sonka ne. Na ce mata cire. Mama Babba ta ce ma ba saƙo ba, zumunta a ƙafa take, kuma ba wurinshi za ki fara ba, wurin matar za ki, ita ce aka baza cikinta a wayoyin mutane 200. Ta je. Matar ta bar ta a tsaye a bakin ƙofa kusan minti 10 kafin ta ce ta shigo, ta saurare ta har ƙarshe, ta ce na ji, ba ta ce na yafe ba. Ƙanwa ta dawo tana cewa ba a karɓa ba, Mama Babba ta ce ai ba ki je karɓo komi ba, kaiwa kika yi.

Bayan sati 2 Yaya ya kira. Sun yi kusan awa ɗaya, ba duka ta gaya min ba, amma akwai abu ɗaya da ta maimaita min sau uku. Ya ce mata, Ƙanwa kin ɗauka ke kaɗai ke addu'a? Tun kina shekara 4 da aka tafi da ke, ba asubar da zan yi salla ban roƙa miki shiriya ba. Amma ban taɓa kai sunanki gaban jama'a ba, ban taɓa turo miki wa'azi ba, kuma ranar da kika faɗi jarabawa ban ce Allah ya fara kama ki ba, kuɗin sake rubutawa na nemo.

Ta ce min abin da ta fara ji haushi ne. Wai ita ake roƙa wa shiriya, ita da take ganin ita ce a kan hanya? Sai can cikin dare ta gane cewa haushin nan da ta ji na minti kaɗan, shi ne abin da take ba shi kullum da safe shekara da shekaru yana cewa na gode. A duk tsawon lokacin nan bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa shi ma yana kwana da damuwarta, yana ganin ƙanwarshi tilo ta yi nisa, kuma da gaske yake kaman yadda take da gaske. Wannan bai sa ta ce duk ɗaya ne ba, shi ma bai ce ba, kowa yana kan bakanshi. Sun dai yi yarjejeniya, ba aya ba bidiyo sai in shi ya tambaya, in ya tambaya kuma ta amsa mishi tsakani da Allah ba ɓoye ɓoye, kowa ya ci gaba da addu'arshi a ɗakinshi. Dama abin da Bitrus ya ce kenan a sura 3 aya 15, ku zauna a shirye ku ba da amsa ga mai tambaya, da tawali'u da girmamawa. Mu ne muke tsallake kalmar mai tambaya.

Akwai labarin da ake yawan ba masu irin wannan addu'ar, na Monika uwar Agustin, wani babban malamin coci na zamanin da, kuma an ba Ƙanwa shi ya fi sau goma, kullum a gajarce: ta yi ta kuka, ɗanta ya tuba, ke ma ci gaba. Cikakken labarin ya fi haka amfani. An haifi Agustin a shekarar 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yanzu, yana saurayi ya shiga wani addini daban da ake kira addinin Mani ya yi kusan shekara 9 a ciki. Da farko Monika hana shi zama a gidanta ta yi, daga baya ta sauko. Ta je wurin wani bishop ta matsa mishi ya zauna da ɗan ya kayar da shi a muhawara, bishop ɗin ya ƙi, ya ce yaron bai shirya ji ba tukun, ta ƙyale shi ta dai yi ta addu'a. A 383 da zai tafi Roma daga Kartaj ta bi shi har bakin teku tana roƙon Allah kar ya bari ya tafi, ya yaudare ta ya shiga jirgi cikin dare. To tafiyar nan da ta roƙa kar a yi, ita ce ta kai shi Milan wurin bishop Ambros, wanda ya yi mishi baftisma a 387 yana shekara 32, ita kuma ta rasu a shekarar a Ostiya. Abin da na ɗauka a ciki shi ne matar ta san abin da take so amma hanyar ba ta sani ba, duk inda ta sa hannu dan ta tsara hanyar da kanta ba nan abin ya bi ba. Kuma labarinta ba rasit ba ne da za ka kai wa Allah ka ce ga nawa shekarun na cika. Bulus da kanshi a Korintiyawa na fari 7 aya 16 tambaya ya yi, ke mace ina kika sani ko za ki ceci mijinki? Bai ce tabbas ba. Ko a gidan Yesu, Yohanna 7 aya 5 ta ce 'yan'uwanshi ba su gaskata da shi ba, Markus 3 ma ta ce danginshi sun fito su kama shi wai ya zautu, sai a Ayyukan Manzanni 1 aya 14 muka gansu cikin masu addu'a, bayan ya tashi daga matattu. Shekarun da ya yi yana wa'azi suna kallo ba su ishe su ba.

A gurup kuma mun canja tsari, ba wani dogon abu. In za ka kawo wani ka tambaye shi tukun, in ba za ka iya tambayarshi ba to ba suna ba hoto ba bayanin da za a gane shi, ka ce wani na kusa da ni ya isa, Allah ya san sunan. Ba a tura saƙon gurup waje. Kuma ni da kaina nake goge duk addu'ar da in mai ita ya karanta zai ji an yi mishi baki. Mutum biyu sun fita saboda wannan, ɗaya ta ce na zama 'yar sanda.

Littafi na huɗu da Ƙanwa ta fara daban yake. Mama Babba ce ta ba ta shawarar ta yi abin da Yesu ya yi wa Bartimawas makaho, ya tambaye shi me kake so in yi maka, alhali kowa na ganin makaho ne. Sai ta fara tambayar Yaya, me zan roƙa maka wannan satin? Farko dariya ya yi ya ce lafiya da rufin asiri. Bayan wata biyu ya fara faɗin na gaske. Yanzu a gaban sunanshi za ka ga ciwon baya, sauran bashi, wani abokin aikinshi da ke mishi zagon ƙasa, barcin matar da ba ya zuwa. Tsohuwar jimlar tana nan a ƙasan shafi, ta dai cire kalmar karya, ta ce min wani lokaci ma ba ta iya rubuta komi sai ka san shi ka fi ni sonshi.

Ba komi ne ya gyaru ba. Matar Yaya har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Da ta sake samun ciki ba su gaya wa Ƙanwa ba, sai da ya kai wata 6 ta ji a bakin Mama, ta yi kwana biyu ba ta da walwala amma ba ta ce musu uffan ba, ta san dalili. Yaya bai zama Kirista ba kuma ba alamar hakan, in wani yana karanta wannan yana jiran wurin da zan ce sai ya durƙusa ya karɓi Yesu, babu shi.

Lokacin da aka kwantar da Mama a asibiti bara, na je dubiya na same su su biyu. Lokacin salla ya yi ya miƙa wa Ƙanwa wayarshi da makullin mota ya fita, ya dawo ya tarar tana riƙe da hannun Mama tana addu'a a hankali cikin sunan Yesu, ya tsaya daga bakin ƙofa bai shigo ba bai kuma koma ba har ta gama. Sai shi ma ya matso ya yi tashi addu'ar ya shafa wa Mama a goshi. Mama da rabin bakinta da ke motsi ta ce amin wa wannan ta ce amin wa wancan.

Ana gobe za a yi wa matar tiyatar haihuwa Yaya ya turo wa Ƙanwa saƙo da daddare, gobe ƙarfe 9 za a shiga da ita, ki saka mu a addu'a, ke kaɗai. Washegarin Laraba ce, ta zo taro ta zauna kusa da ni, da aka zagayo kanta aka ce ko tana da abin da za a yi addu'a a kai ta ce babu, wayarta na kife a cinyarta tana ta juya ta. Ni sai bayan sati 3 na ji, da ta nuna min hoton jaririyar, shi ma sai da ta kira Yaya a gabana ta tambaye shi ko za ta iya nunawa.